Shekarar da Aka Yanka Adakar Innarku

Ni ban yi lakkol ba, ban taɓa shiga aji ba, kun sani. Ƴar'uwarku Hadiza ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta ƙara mata gishiri. Abin da ya faru a ƙauye shekarar yunwa na riga na faɗa muku sau ɗaya, ba zan sake ba. Mu biyar muka fito, ni kaɗai na iso Yamai. Wannan ya isa. Yau maganar adakar innarku Rabi zan yi, Allah ya jiƙanta, don na san abin da kuke cewa a bayan idona: wai Baba ya ƙwace adakar Inna ya ba kafinta ya yayyanka saboda wasa. Rabin maganar gaskiya ne, an yanka ta. Sauran rabin ku saurara.

Na yi dako a unguwar Kalley har wuyana ya ƙi. Daga nan na samu gadi a Lamorde, ƙetaren kogi, gidan Mushe Seyni, Bazabarme, malamin jami'a, Mushe kuwa Malam ke nan a bakin Faransa. Ya ba mu ɗaki biyu a bayan gida, muna can aka haife ku duka. Mutumin yana da wani wasa da ake ce ma eshek. Mutum biyu ke yi, kowa da ƴaƴa sha shida, kowa na neman ya toshe sarkin ɗan'uwansa har ya rasa wurin gudu. Ƴaƴan nasa ba irin na roba ba ne. Wani maƙeri na Agadas ya yi mishi su. Gefe ɗaya azurfa zalla, ɗaya gefen baƙin icen kanya da zoben jan ƙarfe a ƙugu. Inda wasu ke da doki, shi raƙumi gare shi, da wuya siriri kamar tsinke. Gidajen wasan kuwa a jikin wani babban tebur suke a falo, tebur ɗin da sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Kowace Asabar bayan la'asar abokinsa Majo Hamani, tsohon ma'aikacin asibiti, yakan ƙetaro gada daga unguwar Dar es Salam su zauna. Ni ke dafa musu shayi. Ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba.

"Majo, yau ka zo da ƙyallen share hawaye?" in ji Mushe.

"Tura sojanka, malamin banza," in ji Majo. "Ɗalibanka ma barci suke in kana magana."

Shekara da shekaru ina zuba shayi ina kallo. Ban tambayi kowa komai ba. Sai wata shekara Majo ya faɗi a gidansa, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshensa ya karye. Mushe yakan je ya duba shi, amma tebur ba ya ƙetare gada. Asabar ta farko na kai shayi na tarar Mushe ya jera ƴaƴa, kujerar Majo ba kowa.

"Idi, zauna," ya ce.

"Ni gardi ne, Mushe."

"Ƙofa ba za ta gudu ba. Na daɗe da ganin ka. Duk sa'ad da Majo zai yi wauta, kofi rawa yake a hannunka."

Na zauna. Shekara guda yana ci na, ba tausayi. Kullum yakan ce zai sa a yi akwati mai gidaje a baya, wanda ake ninkewa, mu ɗauki wasan mu kai wa Majo har gado. Ciwo ya riga shi. Wata safiya ya kira ni ɗakinsa, babban ɗansa na tsaye, don ya zama shaida.

"Tebur na gida ne," ya ce. "Ƴaƴan na Idi ne. Idi, ka kai wa Majo wasa. Kowace Asabar. Kada ka kai su cikin buhu kamar albasa."

"To, Mushe."

Abin da na ce ke nan. Bayan kwana shida ya rasu. Da aka yi arba'in aka kwashe kayan gida har da tebur, mu kuma muka koma ɗakunan nan na kusa da kogi da kuka sani, na samu gadi a wani ma'ajin siminti. Ƴaƴan suna ƙarƙashin gado cikin rigar matashi. Sai Hajiya, matar Majo, ta aiko. Ta ce tun da aka gaya mishi mutuwar ya rage cin abinci, in Asabar ta zo kuma idonsa na kan ƙofa har magariba. Na yi abin da aka hana ni. Na zuba su cikin buhu na shiga faba-faba, motar haya ta cikin gari, ina zaton Majo yana da nasa allon a gida. Motar ta cika, wata mata ta jingina mini kwandon kifi tun daga gada. Da na isa na tarar ba allo, bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, a gidan Mushe ya yi wasansa duka. Na zazzage buhun a kan gado. Wuyan raƙumi ɗaya na azurfa ya lanƙwashe, kansa na kallon ƙasa. Majo ya ɗauke shi da hannun hagu. Ya dube shi, ya dubi buhun, ya dube ni. Hajiya ta ce ba komai, Malam Idi, ko ganin su ya yi ya ji daɗi. Ni na ga idon Majo. Na ga abubuwa da yawa a duniya ban sunkuyar da kai ba. Ran nan na sunkuyar.

Na san abin da nake nema. Allo mai ƙarfi da zai zauna a gwiwar mutumin da ke kwance, ya ninke ya zama akwati, kowane ɗa da ɗakinsa a ciki kada ya gogi ɗan'uwansa. Na zaga Babbar Kasuwa. An nuna mini na roba, ƴaƴansa kamar gyaɗa, gindin sarkina kaɗai zai cinye gida huɗu. Na je wurin Buzaye masu akwatunan fata, nasu kyawawa ne amma ba gidaje. Daga baya wani da muka yi dako tare ya kai ni wurin Mamman kafinta, mutumin Maraɗi, a wani lungu na Kalley. Hannunsa na da kyau. Gaban shagonsa kuma kullum cike yake da ƴan dame, wato darar Turawa da ake yi a kan allo, shi ne sarkinsu, ba mai cin sa. Na fito da sarki da raƙumi na nuna mishi.

"Wannan kayan sarauta ne ko wasa?" ya ce.

"Wasa. Eshek."

"Ban san shi ba. Allon yaya yake?"

"Irin na dame ɗinku. Baƙi da fari."

"To ka zo gida," ya ce. "Amma ba da farin katakon kasuwa ba. Damina ɗaya zai karkace, akwati ya ƙi rufuwa. Ka nemo mini maɗaci tsoho, wanda ya gama bushewa tun kana saurayi."

Na nema. Na je kasuwar Katako sau uku, duk tsohuwar ƙofar da na ɗaga gara ta riga ni. Asabar huɗu suka wuce, kowace ina zuwa gidan Majo hannu sake, in zauna, ya dubi hannuna, in tashi. Yana ramewa ina gani. Ban gaya wa innarku komai ba. Ba sai an gaya mata ba. Wata safiya na dawo daga gadi na tarar da zannuwanta da kwanonin turarenta a kan tabarma, adaka a tsakar gida ba komai ciki. Kun san adakar. Maɗaci ne ja, ta kakarku ce, daga Dogon Dutsi aka kawo Rabi da ita. Kowa a gidan ya san Hadiza za ta tafi da ita, aurenta kuma saura wata uku.

"Ɗauki ka kai wa kafintan," ta ce.

"Ta Hadiza ce."

"Hadizar wa ya fito da ita?"

Wannan maganar ba ku san ta ba, don ba mu saba ba ku labarin wahala ba. Haihuwar Hadiza ranar Asabar ta zo, da la'asar, ta zo a karkace. Jini ya ƙi tsayawa, ungozoma ta fito tana salati. Mushe da Majo suna tsakiyar wasa. Mushe ya tuƙa mota, Majo ya zauna a baya ya riƙe innarku har asibiti, ya shiga ya tsaya kansu sai da aka karɓe ta, da aka ce ana neman jini ya nannaɗe hannun rigarsa. Kwana uku wasan na kan tebur yadda suka bar shi. Da suka dawo kansa suka yi ta gardama, kowa na cewa ɗaya ya taɓa mishi soja.

"Jinin mutumin nan na jikina," in ji Rabi. "Yana can yana kallon ƙofa, ni ina ajiye zane a cikin katako. Ɗauki, Malam, kafin in ji ba na so."

Na ɗauka. Mamman ya shafa murfin ya ce wannan ko kabarinsa aka rufe da shi ya gode. Ya ce in ba shi sati biyu. Ran da na koma da ƴaƴan, kowane a naɗe cikin tsumma, ƴan dame suka bar wasansu suka kewaye mu. Mamman ya fito da allon. Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Gida ja, gida fari, kowane an yanka an dasa shi, ba fenti ba. Yana ninkewa a tsakiya, da ƙugiya, da mariƙi. Na buɗe na fara jeri. Na jera takwas, layi bai ƙare ba, saura gida biyu. Na ɗauka ni na yi kuskure. Na kwashe na sake. Saura gida biyu.

"Mamman, gidajen sun yi yawa."

"Goma nan, goma nan, ɗari cif. Haka allon dame yake tun da aka halicce shi."

"Nawa takwas-takwas ne."

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Gaskiyarsa. Ni ban taɓa buga dame ba, daga nesa nake hango allonsu, baƙi da fari dai nake gani. Shi kuma bai taɓa ganin eshek ba. Kowa ya san nasa, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Wani tsoho cikin ƴan damen ya ce in sayo ƙarin raƙuma mana in cike gurbin. Wani ya ce sarkin ne ya samu fili, sai ya ƙara mata. Suka yi ta dariya. Mamman bai yi ba. Na tambaye shi ko za a sake. Ya nuna mini abin da ya rage na adakar, guntaye ne da ba su fi a hura wuta da su ba. In kuma ya ɓamɓare gidajen, allon zai tsage.

Ban shiga mota ba. Na ɗora shi a ka na taka daga Kalley har Lamorde, rana na tsaka. A kan gada na tsaya na huta. Adaka ta tafi, Hadiza ba ta samu ba, Majo bai samu ba. Na shiga gida na ajiye shi a gaban Rabi. Tana saƙar faifai.

"An gama?"

"An ɓata."

"Buɗe in gani."

Na buɗe na gaya mata. Ba ta ce kaito ba, ba ta ce na gaya maka ba. Ta dube shi ta daɗe. Sai ta tashi ta ɗauko ɗankwali huɗu, ta ninke kowane siriri, ta shimfiɗa ɗaya a kowane gefe, ya rufe layin waje.

"Ƙirga abin da ya rage."

Na ƙirga. Takwas nan, takwas nan. Na duba kusurwar hannun dama, fari ne, yadda ake so.

"Ni in faifai ya yi mini faɗi, baki nake naɗe mishi," ta ce. "Ku maza sai ku tsaya kuna kallon juna."

Saura abu ɗaya. Tun da an raba allon goma, gidajen sun ƙanƙance, sarki kuma shi ne mai babban gindi. Na kwance shi daga tsumma na ɗora. Ya zauna. Abin da ya rage tsakaninsa da bakin gida bai fi kaurin zare ba, amma ya zauna. Rabi ta koma kan faifanta.

Washegari na kai wa wani baduku ya liƙa jar fata a kan layin waje, ya yanke ta daidai wurin ninki. Na bi ta shagon Mamman na nuna mishi. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce in gaida uwargida, in ce mata in tana neman aiki akwai benci. Cikin akwatin Rabi ce ta yi. Ta shimfiɗa auduga, ta yanka zanenta na saƙi ta ɗinka aljihu talatin da biyu, na raƙuma ta tsawaita musu. Raƙumin da na lanƙwasa na kai wa Buzu ya miƙe shi. Bai miƙe duka ba, har yau yana ɗan kallon gefe. Na bar shi haka. Laifina ne, gara in riƙa ganin sa.

Asabar na shiga faba-faba na rungume akwatin a ƙirji. Ko buhun gero aka jingina mishi ba abin da zai samu ƴaƴan. Hajiya ta tada Majo ta tokare shi da matashi biyu. Na ɗora allon a gwiwarsa, ya zauna daram. Na buɗe aljihu ɗaya-ɗaya ina jerawa. Ya bi jar fatar da yatsa, ya dube ni, ban yi bayani ba. Na ba shi azurfa, gefen da Mushe ba ya taɓa bar mishi. Hannun hagunsa na rawa, amma kansa garau yake. Ya cinye mini soja ya rasa inda zai sa shi, sai ya ɗora shi kan fatar. Daga ran nan wurin ya zama makwancin waɗanda aka ci, kamar don haka aka yi shi. Kafin shayi na biyu ya nuna ya toshe mini sarki. Bakinsa ya yi ta motsi, Hajiya ta matso ta ɗauka ruwa yake so. Da ƙyar maganar ta fito.

"Gardin… banza."

Hajiya ta rufe baki ta fara ba ni haƙuri. Na ce ta bari. An yabe ni sau biyu ko uku a rayuwata, ba wanda ya yi mini daɗin wannan zagin. Ta kawo dambu da zogale, ya ci rabin kwano, ya nuna mini allo da haɓa, wato in sake jeri.

Shekara biyu da ƴan watanni na yi ina ƙetare gada kowace Asabar. Ruwa bai hana ni ba, zafi bai hana ni ba. Sau uku na ci shi, duka ukun ya yi fushi kamar yaro. Ranar Talata ya rasu, ni na riƙe kan makara. Alkawarin Mushe ya cika.

Abin da ya ci mini kuma zan faɗa. Hadiza ta tafi gidan miji da baliz ɗin kasuwa, akwatin tafiya irin wanda kowa ke da shi. Dangin ango sun tambaya ina adakar Dogon Dutsi da aka yi ta ba su labari, wata ta ce ai uban ne ya mai da ita abin caca. Maganar ta shiga kartiye, unguwa duka ta ɗauka. Innarku ta gaya mata ita ta bayar da hannunta, Hadiza ta ɗauka rufa mini asiri take yi. Ta yi shekara tana gaida ni daga bakin ƙofa. Ni ban kira ta na yi bayani ba. Ban iya ba, ba halina ba ne. Ya kamata in yi. Innarku ta rasu maganar na nan, sai dai ta yi sanyi.

Yanzu na bar gadi. Ina da inuwa, ina da shayi, ku duka kuna cin abincinku. Akwai wasu tsofaffin malamai biyu a nan Lamorde da nake ɗaukar akwatin in kai musu, wani lokaci su ci ni, wani lokaci in ci su. An sha cewa in sayar, na ce a'a, ban ƙara kalma ba. In an buɗe shi har yau turaren innarku ke fara fitowa kafin ƴaƴan.

Sani, Bashir, ku ji da kyau. Akwatin nan da abin da ke cikinsa na ba Hadiza yau, ina da rai, ina da hankalina. Kyauta ce, ba gado ba, kada kowa ya kawo shi gaban mai rabo. Katakon dama nata ne. Ƴaƴan kuwa na mutanen da suka fito da ita ne. Ni daga yau aro nake yi.

Hadiza ta ajiye biro. Na ce ta ɗauka ta rubuta yadda na faɗa, ta rubuta. Ta ce me za ta yi da shi, ba ta iya wasan ba. Na ce ta zo ranar Asabar bayan la'asar. Ta taho da sukari, shayi akwai.